Tafkin da Baba Ya Ajiye wa Idonsa

Tun da muka dawo daga Nguru kun hana ni sakat. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙon murya, Maman Hanif kuwa har gida ta biyo ni, wai sai na faɗa mata inda na ɗauki hoton ruwan nan mai furen bado, ita ma za ta sa maigidanta ya kai ta. Kullum sai in ce muku tafiya ta yi kyau, in kauce. To yau na gaji da kaucewa. Ku zauna ku ji, wadda kuma ta san hawayenta a kusa suke ta jawo gefen mayafinta tun yanzu.

Ƙanwarmu Hauwa ce ta haihu a Nguru, inda take aure. Mu huɗu muka shirya zuwa suna daga Kano: ni, da Yaya Auwalu mai mota, da matarsa Anti Rabi, sai Baba. Waɗanda suka san gidanmu sun san halin da Baba yake ciki. Hawan jinin ido ya cinye masa na hagu tun tuni, na daman ma saura ɗan kaɗan, yana ganin abu kamar mai leƙe ta ƙofar makulli. Zuwanmu asibiti na ƙarshe likita ya ja ni gefe ya ce kafin wata daminar sai dai abin da Allah Ya yi. A zatonsa Baba bai ji ba. Bai san kunnen Baba ba ne.

Rigimar hanya a tsakar gida aka yi ta. Yaya ya fito da wayarsa yana nuna mana: a bi ta Gujungu, a wuce Kaugama da Malam Madori, a ratsa Birniwa, kwalta ce santal har Nguru, kafin la'asar an isa. Baba yana kan tabarma yana saurare har Yaya ya gama. Sannan ya juyo wajena, don shi ba ya kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, ni kuma sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake ce mini.

"Uwata, gaya wa direban nan ta Jahun za mu bi. Mu kwana a Haɗeja, da safe mu shiga fadama. Ina so in ga tafkinmu."

"Baba, waya ta nuna hanyar fadamar nan ba ta da kyau," in ji Yaya.

"Ita wayar taka a wane gari aka haife ta?"

Anti Rabi ta tuntsire da dariya, Yaya ya harare ta. Ni kuwa ban yi dariya ba, don na gane abin da ake ciki. A Garin Mai Taru aka haifi Baba, wani ƙauyen masunta a cikin fadamar Haɗeja. Fataucin busasshen kifi ne ya kawo shi Kano tun yana saurayi, ya zauna. Mun tashi da labarin tafkin garinsu kamar yadda wasu yaran ke tashi da tatsuniya: ruwa har inda ido ya ƙare, bado ya yi fure fari fat, masunta a kwance a kan manyan gora suna iyo, tsuntsaye in sun tashi sai sun tare rana. Rabonsa da can tun rasuwar kakarmu, ina 'yar ƙarama. Duk zuwanmu Nguru hanyar kwalta muke bi, kullum ana sauri. Yaya ya dube ni, na dube shi, ya mayar da wayar aljihu. Shi ke nan aka gama zaɓen hanya.

Da asuba muka fito. Baba ya shiga gaba, ya sa baƙin tabarau ɗinsa, ya jingina. Sai da muka yi nisa na lura ta madubin gefe cewa idonsa a rufe yake. Na ɗauka barci ne, sai na ga carbi yana tafiya a hannunsa.

"Baba, ba ka kallon hanya? Ga gero an yanke, ga dawa ta nuna."

"Tanadi nake yi, Uwata. Ido kamar kananzir ne a fitila. Nawa saura ɗan kaɗan a gindi, ba zan ƙona shi a kan gonar wasu ba."

Yaya ya fara yi masa bayani, cewa likita bai ce kallo yana rage gani ba, ciwon ba haka yake aiki ba. Baba ya ce likita ya san ciwon, shi kuma ya san idon. Duk wanda ya taɓa musu da Baba ya san a nan magana ta ƙare.

Dab da Jahun taya ta yi faci. Muka lallaɓa har bakin kasuwa wajen wani mai faci, siriri mai yawan surutu. Da ya ji inda muka nufa sai ya tsaya da aikin, ya zagaya motar Yaya yana dubanta kamar mai taya akuya, ya ce, "Alhaji, da wannan za ka shiga fadama? Allah Ya ba da sa'a, amma ka tafi da igiya." Yaya ya cika ya yi fam. Mu kuwa muka samu wata Bafulatana a gindin bishiya ta dama mana fura. Ke Asabe da kike cika baki da furar unguwarku, ki yi haƙuri, ruwan alli kike sha. Baba ya shanye tasa ido a rufe, ya tambayi mai facin labarin ruwa. Mai facin ya ce bana ruwa ya yi yawa, har ya yi ɓarna. Baba ya yi wa waɗanda abin ya shafa addu'a, amma na ga fuskarsa ta saki, don a lissafinsa ruwa mai yawa tafki cike ke nan.

Rana ta ɗaga sosai muka iso gadar da ake hayewa a shiga Haɗeja. A nan na ɗauki hotunan da kuka gani. Wallahi ni da na tashi a cikin lungunan Kano ban taɓa ganin ruwa ya shimfiɗu haka ba. Ga kwale-kwale, ga bado a gefe ya buɗe, ga wasu mutum biyu a kan gora suna jan komar kamun kifi, daidai yadda Baba yake faɗa. Yaya da kansa ya tsayar da mota ba wanda ya ce ya tsaya. Na zagayo da gudu na buɗe ƙofar Baba.

"Baba, fito ka gani! Ga shi nan, duk abin da kake ba mu labari. Hasken ma ya yi daidai da idonka."

"Wannan kogin kowa ne. Nawa yana gaba."

"Ka ɗan buɗe ko sau ɗaya ne, don Allah, Baba."

"In na ci abinci a hanya, me zan ci a gida? Rufe ƙofar, iska tana shigowa."

Na roƙe shi, Anti Rabi ta roƙe shi, har na ji haushi na ce masa taurin kai ne wannan. Ya yi murmushi ya ce a wajen mai sunana ya gada. Na rufe ƙofar na koma bakin gada na ci gaba da ɗaukar hoto, zuciyata ba daɗi, ban kuma san dalili ba a lokacin.

A gidan Gwaggo Yagana muka sauka, taubashiyar Baba, 'yar ƙanwar mahaifinsa. Tsohuwa ce 'yar firit mai baki kamar reza. Tun daga zaure ta fara: "Lale da bawana! An ce kallon matan Kano ya cinye maka ido, ashe gaskiya ne." Baba ya ce ai gara haka, ko ba komai Allah Ya raba shi da ganin muninta. Suka yi ta yi, ana ta dariya. Mutanen nan ba sa gaisuwa irin tamu ta a-tsaitsaye. Durƙusawa ake yi a gaisa, a tambayi gida da gajiya da ruwa da sauro, a yi shiru, a sake sabon zagaye. Gwiwoyina sai da suka yi tsami. Abinci kuwa kifi ne ta ko'ina. Burabusko da miyar tarwaɗa da rana, tuwon shinkafa da miyar kuka mai bandar kifi da yamma, kuma baƙo ake ba kan kifin, girmamawa ce. Anti Rabi da ba ta iya cin kai ba ta yi ta juya shi a kwano har Gwaggo ta ce, "Wannan matar taka, Auwalu, kallonsa take ko gaisawa suke?" Sauronsu kuma ba na wasa ba ne, washegari fuskar Yaya kamar an yi masa ƙyanda.

Amma kafin nan, da na bi Gwaggo madafa don in taya ta kwashe tuwo, sai na tarar da ita tana share ido da bakin zani. Duk wasan nan ashe ƙarfin hali ne. Ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ba ku shawarar kawo shi? Na daɗe ban je ba, amma abin da nake ji ba daɗi. Kacalla ta shiga wajen."

Na ce mene ne kacalla? Ta ce wata doguwar ciyawa ce, ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero. In ta kama ruwa sai ta shaƙe shi, ba jirgi, ba taru, ba noma. Na je na sami Yaya a waje na faɗa masa. Ya ce a gaya wa Baba gaskiya kawai, a mayar da shi bakin gada da safe ya kalli ruwa, a kama hanyar kwalta. Ni ce na ce a'a. Na ce tafki guda ai ba zai ƙare ƙaf ba, ko yaya za a sami wani gefe. Na dai sake gwada Baba da dabara, na ce mu ɗan leƙa kogi kafin mu wuce. Ya ce, "Uwata, yau fa saura ƙiris. Kada ki karya mini azumi da la'asar."

Hanyar fadama kuwa, mai facin Jahun bai yi ƙarya ba. Da muka sauka daga kwalta sai turɓaya, daga turɓaya sai laka. Ƙauyukan da muka ratsa duk da tabon ambaliya a jikinsu, ka ga layin ruwa a bango har ƙirjin mutum, wasu gidajen sun zube an kafa bukkokin zana a kan tudu. Kuma ba a wuce garin dangi a mota kamar baƙo. Duk inda aka ji ɗan gidan Mai Taru ne ya zo sai an shimfiɗa tabarma. Baba zai zauna ido a rufe ya fara tambaya: ina wane? Ya rasu. Wance fa? Ta rasu bara waccan. Wane mai gyaran jirgi? Ya koma Gashuwa wajen 'ya'yansa, ba sana'a. Kowane suna sai an ɗaga hannu an yi fatiha. Ina zaune ina kallon inuwa tana gajarta, ta dawo tana tsawo, ina ji kamar in yi ihu, amma wa zai katse ta'aziyya?

Bayan azahar motar ta nutse a wani kwari har ƙofa. Yaya ya taka, ta ƙara zama. Anti Rabi ta fito don ta rage nauyi, laka ta karɓe mata takalmi ɗaya, sabo dal wanda ta saya don suna, har yau yana can. Wasu manoma ne suka kwanto shanun huɗa suka ɗaura igiya suka fizgo mu. Da Yaya yake godiya, Baba daga cikin mota ya ce, "Uwata, tambayi direba ko wayar tasa ta san shanu."

La'asar ta yi sanyi muka isa. Garin ma ya tashi daga inda yake, ya koma kan tudu. Wani tsoho ya fito daga masallaci, Baba na jin sallamarsa ya ce, "Bukar!" Abokinsa ne na ƙuruciya, tare suka koyi iyo. Suka rungume juna. Da Malam Bukar ya ji abin da ya kawo mu sai ya dube ni, ya dubi Yaya, ya buɗe baki ya ce wa Baba, "Habu, ai tafkin nan..."

Baba ya ɗaga hannu. "Kada ka faɗa mini komai. Da idona na zo."

Muka taka a ƙasa, Malam Bukar yana riƙe da hannunsa, har gindin wata tsohuwar tsamiya. Baba ya shafa jikinta ya ce nan ne, nan suke ɗaure jirage. Ni kuwa tun daga nesa na riga na gani. Babu tafki, jama'a. Babu ko gefen da na yi ta fata. Kacalla ce tsaye kamar katanga, daga gabanmu har ƙarshen duniya, iska tana kaɗa ta tana wani irin shuu. A gindinta ɗan baƙin ruwa ne mai wari. Tsuntsayen da ke wurin jan-baki ne kawai, masu cinye wa mutane shinkafa.

Baba ya gyara tsayuwa, ya gyara hularsa kamar mai shiga gaban manya. Ya cire tabarau ya miƙo mini. Ya yi bisimilla ya buɗe idon da ya yi kwana biyu yana tanadi. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ruwa yana zubo masa. Ya juya kai dama, ya juya hagu, yana neman ƙofar makullin nan tasa. Ya daɗe a haka.

"Uwata, rana ta yi ƙasa, hazo-hazo nake gani. Me ke gabanmu?"

Anti Rabi ta ce, "Ai Baba duk ciya..." Na mintsine ta a cinya har sai da ta yi ƙara.

"Ruwa ne, Baba," na ce. "Ruwa har inda ido ya ƙare."

"Bado fa?"

"Ya yi fure, fari fat, ga shi nan ta hannun dama."

"Akwai masu gora?"

"Ga mutum biyu can suna jan koma."

Abin da na gani jiya a gada, shi na kwashe na zuba masa, har da kwale-kwalen da yaro mai jar riga a ciki. Ya tambaye ni kirinjijiya, wata agwagwar ruwa, ni da ban san ko kalarta ba, na ce suna nan da yawa. Yaya ya juya baya ya tafi can ya tsuguna. Malam Bukar ya sunkuyar da kai. Baba ya yi ta gyaɗa kai yana cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, yana nan yadda na bar shi. Sannan ya ce mu je mu yi salla, a bar shi da Bukar su ɗan tsaya. Muka koma wajen mota. Ban taɓa yin sallar da na jiƙa sallaya da hawaye irin ta ranar ba.

Sauran tafiyar ba wani abu. Muka lallaɓo muka hau kwalta, muka bi ta Birniwa. A shingen kan iyakar Jigawa da Yobe jami'ai suka haska motar da ta yi dumu-dumu da laka, ɗaya ya ce, "Daga ina haka, noman rani kuka je?" Baba ya ce, "Daga ganin gida muke, ɗana." Ya ce Allah Ya kiyaye hanya, Baba, ya ɗage mana. A Nguru aka yi suna lafiya, yaro ya ci sunan Baba. Aka ɗora masa takwaransa a cinya ya shafa fuskarsa da yatsu. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labari: ya je garinsu, ya ga tafki cike, bado ya yi fure, har da yaro mai jar riga a kwale-kwale. Ina jin haka sai in tashi in bar wurin. Amma a raina na ce to, ko ba komai ya tafi da abin da ya zo nema. Da za mu dawo shi da kansa ya ce a bi kwalta, bai kuma ƙara rufe ido ba, sai dai babu wani abin kallo a hanyar.

Likita ya ce kafin damina, amma ko sanyi bai gama fita ba. Wata safiya na kai masa koko ya ce in buɗe taga, alhali a buɗe take, rana har kan tabarmarsa.

A satin nan na ce bari in kwashe manyan rigunansa in wanke, har da shuɗiyar da ya yi tafiyar da ita, wadda tun dawowarmu ya hana a taɓa. Na zura hannu a aljihu don kada in jiƙa masa carbi, sai na ji wani abu mai laushi. Na jawo. Kan kacalla ne, ya bushe ya fashe, audugarsa ta cika aljihun tana tashi a iska. Na zauna daɓas a bakin rijiya. Daga nan na tashi na je ɗakinsa na durƙusa na sa masa shi a tafin hannu.

Ya murza shi a hankali ya ce, "Au, kin gano shi."

"Baba, ashe ka sani?"

"Uwata, a bakin ruwa aka yanke mini cibiya. Tun kafin mu kai tsamiya na ji. Ruwa ba ya irin wannan kukan, kuma ba haka yake wari ba."

"To me ya sa ka bar ni ina ta zuba?"

"Na ji yadda kike so in gani, shi ya sa na gani." Sannan ya ce, "Wanda kika ba ni ɗin, na gada ne ko?"

Na ce eh.

"Da kyau kuwa?"

"Da kyau, Baba."

"Da na sani na leƙa," in ji shi. Ya miƙo mini kan kacallar da lalube, ya ce in mayar masa da abinsa cikin aljihun rigar, kada in wanke ta.

Maman Hanif, hoton a gadar Haɗeja na ɗauka. Ki sa ya kai ki bayan ɗaukewar damina. In da tsoho a motar, ku fito da shi ko yana faɗa.